Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama Kan Yawan Sauya Shugabanni A Kamfanonin Jirage

Zuwa ga Mai Girma Festus Keyamo, SAN,
Ministan Sufurin Jiragen Sama da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya,
Abuja.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni Bakatsine ne, ma'aikaci a ɗaya daga cikin kamfanonin jiragen sama masu zaman kansu na ƙasar nan. Aikina a ƙasa yake, wato lissafin nauyin jirgi da rabon lodi kafin ya tashi. Mu ne muke haɗa takardar da matuƙi zai duba ya sa wa hannu, wadda ke nuna fasinja nawa ne, kaya kilo nawa ne, mai nawa aka zuba, kuma ina aka ajiye kowanne a cikin jirgin. Na yi wannan aiki a tashoshi daban-daban, ƙarƙashin kamfani fiye da ɗaya. Ba zan faɗi inda nake aiki ba, ba zan kuma sa sunana ba. Ina roƙon masu karatu kada su wahalar da kansu wajen cankar wane kamfani nake nufi, domin abin da zan faɗa, abokan aikina na wasu kamfanoni da muke haɗuwa a masallacin filin jirgi ko wajen mai shayi suna faɗin irinsa, wani lokaci ma har da kalmomi iri ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake sauya shugabanni a kamfanoninmu. A tunanin masu kamfani, wannan harkar cikin gidansu ce, ba ruwan kowa. A ganina kuwa, duk lokacin da aka cire manajan darakta ko daraktan gyaran jirage ko shugaban matuƙa aka kawo wani, an taɓa lafiyar mutanen da za su hau jirgin gobe da safe. Saboda haka ya zama abin da ma'aikatarka da hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama ya kamata su sa wa ido kamar yadda suke sa wa taya da inji.

Bari in ba ka labarin yadda abin yake daga ƙasa, domin na san rahoton da ke zuwa teburinka daga sama yake fitowa. Wata safiya sai mu ga sanarwa a zauren WhatsApp na ma'aikata cewa oga ya ajiye aiki saboda dalilai na ƙashin kansa, hukumar gudanarwa na yi masa godiya, an naɗa wane ya riƙe. Babu wanda ya yi mana bayani, mu ma mun daina tambaya. Bayan 'yan makonni sai sabon ya iso, ya kira taro, ya ce ƙofarsa a buɗe take, ya yi alkawarin biyan bashin albashi da alawus. Sai a ce za a tantance ma'aikata, kowa ya kawo takardunsa da hotuna, alhali kwafin waɗanda muka kai a tantancewar baya ko ƙura ba su gama ɗauka ba. Daga nan ya kawo mutanensa: sabon mai kula da kuɗi, sabon mai kula da ma'aikata, sabon mai sayen kayan gyara. Duk wanda aka ga yana da kusanci da wanda ya tafi, sai a sa masa lamba, a ce yaron wane ne, a tura shi tasha mai nisa ko a bar shi zaune ba aiki har ya gaji ya tafi da kansa. Kafin sabon ya gama sanin sunayen tashoshinsa, ya saɓa da mai kamfani ko da 'ya'yansa kan wanda ke da ikon sa hannu a kan kuɗi. Sai wata sanarwar ta fito.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, wannan kowa ya sani. Damuwarmu ita ce akwai ayyukan da ba a son rawarsu ta sauya ko da wa ke riƙe da ganga, kuma gyaran jirgi na cikinsu.

Ɗauki misalin kayan gyara. Ba kowace matsala ce ke hana jirgi tashi ba. Akwai kundin da hukuma ta amince da shi ga kowane samfurin jirgi, wanda ya lissafa na'urorin da za a iya tashi ba tare da su ba na ɗan lokaci, wasu kwana 3, wasu kwana 10, bisa sharuɗɗa. Injiniya zai rubuta matsalar a littafin jirgi, ya nemi a sayo kayan, kuma kusan dukkansu da dala ake sayowa daga waje. Takardar sayen tana buƙatar sa hannun darakta. Idan daraktan ya tafi a tsakiyar maganar, wanda ya gaje shi zai ce a dakatar da duk wani biya sai ya binciki abin da aka bari. Ba na ganin laifinsa a nan, ko ni ne haka zan yi. Amma kwanakin da kundin ya bayar ba sa jiran bincikensa. Ranar da wa'adi ya cika, ga tikiti an sayar, ga fasinjoji a zaure, sai waya ta fara ƙara a aljihun injiniya. Kalmar da ake faɗa masa kuwa duk ma'aikacin jirgi a Najeriya ya san ta: a yi maneji.

Injiniyan da ya san daraktansa ya daɗe a kujera, ya san halinsa, ya taɓa ganin ya tsaya wa wani a gaban mai kamfani, zai ce ba zan sa hannu ba, ya koma gida ya yi barci. Wanda kuwa daraktansa na riƙon ƙwarya ne, yana neman a tabbatar da shi, shi ma yana tsoron kada a ce a zamaninsa ne aka fi soke tashi, wannan injiniya shi kaɗai yake tsaye. Yana da lasisi a hannu, yana da 'ya'ya a makaranta, yana bin kamfani albashi. Mafi yawansu duk da haka suna ƙin sa hannu, kuma ina alfahari da su. Amma bai kamata lafiyar mutum ɗari da 'yan kai ta rataya a kan jarumtar mutum ɗaya da ba shi da mai kare shi ba.

A ɓangarena ma haka abin yake. Duk wanda ya san Katsina ya san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 da rana. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, fukafukai kuma ba sa ɗaukar nauyin da za su ɗauka da sanyin asuba. Jirgin da ya tashi da cikakken lodi da safe, da azahar lissafi zai iya nuna sai an rage. Ragewar kuwa tana nufin sauke jakunkuna, wani lokaci har da fasinja. Idan aka ce lokacin jigilar alhazai ne, ko jirgin Abuja cike da manyan mutane, ka san irin idon da ake kallon mai lissafi da shi. Na yi aiki da manajan tasha wanda idan na kai masa takarda na ce sai an sauke kaya, zai tashi da kansa ya je ya fuskanci fasinjoji, ya sha zagi, ya dawo. Na kuma yi aiki da wanda aka kawo a cikin guguwar sauyi, bai san aikin ba, abin da kawai aka gaya masa a hedikwata shi ne kada a ji an yi jinkiri a tasharsa. Shi ne zai tsaya a kaina yana tambaya ko ba za a iya taɓa alƙaluman kaɗan ba. Haka nan lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari har nisan gani ya gaza abin da doka ta yarda a sauka da shi, matuƙin da ya ce zai jira ko zai juya Kano yana buƙatar ya san shugaban matuƙa zai goya masa baya, kuma shugaban zai kai wata mai zuwa a kujerarsa.

Kada a ɗauka tsoro ne kawai irin na ƙananan ma'aikata. Mutanen Arewa ba su manta da ranar 11 ga Yulin 1991 ba, ranar da jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Jidda a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Bincike ya nuna tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka kwanaki kafin ranar. Makaniki ya nemi a ƙara musu iskar naitirojin, ba a same ta nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutar. An kuma gano an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takardar gyara. Ban kawo wannan don in ce sauyin shugabanni ne ya jawo shi ba. Na kawo shi ne don a ga abin da ke faruwa idan maganar mai kula da jadawali ta rinjayi ta mai kula da taya. Kuma babu lokacin da hakan ya fi sauƙin faruwa kamar lokacin da ba a san wa ke da iko a kamfani ba.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin wannan sana'a a ƙasarmu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nigeria Airways, kamfanin jiragen gwamnati wanda aka kafa a 1958, ya kai yana da jirage kimanin 30 a shekarun 1980. Kowace gwamnati ta zo da nata shugaban, har aka taɓa miƙa ragamarsa ga kamfanin jiragen KLM na ƙasar Holan daga 1979 zuwa 1981, a ƙarshe ya daina tashi a 2003. Ma'aikatansa sai a 2018 aka saki naira biliyan 22.68, rabin biliyan 45 da aka amince a biya su, bayan shekara 15 suna jira, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ko kwabo ba. Virgin Nigeria ya fara tashi a 2005, ya koma Nigerian Eagle a 2009, ya koma Air Nigeria a 2010, ya rufe a Satumban 2012. Suna uku cikin shekara bakwai, kowane da sababbin masu iko, ma'aikata kuma suka wayi gari a titi. Hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓi Aero Contractors a 2016, ta karɓi Arik a Fabrairun 2017, lokacin da mafi yawan jiragensa ke ajiye kuma ma'aikata ke bin bashin albashin watanni. A nan Arewa mun ga zamanin kamfanonin Kabo da Chanchangi da IRS da Albarka. Kowanne da dalilin faɗuwarsa, ba zan haɗa su a kwando ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne ma'aikata kan ga alamun tun da wuri, kuma babu wata ƙofa da aka tanadar musu su faɗa.

A ɗaya gefen ga Habasha. Girma Wake ya shugabanci Ethiopian Airlines daga 2004 zuwa 2011. Tewolde GebreMariam, wanda ya shiga kamfanin a 1985 a matsayin ƙaramin jami'i a tasha, ya karɓa ya riƙe har Maris na 2022. Mesfin Tasew da ya gaje shi injiniya ne da ya fara aiki a can tun 1984. Kamfanin na gwamnati ne, ƙasar ta ga juyin mulki da yaƙe-yaƙe, amma an bar shi yana renon shugabanninsa daga ciki. Yaron da ke ɗaukar kaya a Addis Ababa yana iya kallon kujerar shugaba ya ce wata rana. Namu yaron da ya fito daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke horar da mutane tun 1964, abin da yake lissafi shi ne yadda zai tara awannin tashi ya samu kamfani a ƙasashen Larabawa. Abin dariya ne mai ciwo a ce a Mayun 2023 jirgin wannan kamfani na Habasha ne aka yi wa fenti aka kawo Abuja da sunan Nigeria Air, sabon kamfanin jiragen ƙasa da gwamnati ta shirya kafawa. Ka dakatar da wannan shiri bayan ka hau kujera, kuma ba shi ne maganata a yau ba.

Don in yi adalci, masu kamfanoni ba a kan tabarmar jin daɗi suke ba. A Mayun 2022 ƙungiyarsu ta yi barazanar dakatar da tashi saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, kuma bayan nan ma ta ci gaba da hawa. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya ninka: kayan gyara, inshora, hayar jirgi, babban garambawul da galibi a waje ake yi, da horon matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida. Tikiti kuwa da naira ake sayar da shi. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a wannan harka yana da haƙƙin ya kori manajan da ya ci amanarsa ko ya gaza. Akwai shugabannin da ranar da aka cire su har sadaka wasunmu suka yi. Na kuma yaba da ƙoƙarinka kan yarjejeniyar Cape Town mai kare haƙƙin masu ba da hayar jirage a Satumban 2024, wanda ya ɗaga makin Najeriya daga 49 zuwa sama da 70 a wajen masu ba da hayar jirage. Sai dai su ma masu ba da hayar, ban da dokar ƙasa, suna duban wanda za su yi magana da shi a kamfani, da ko zai kai baɗi. Kuma sau da yawa abin da ake kira gazawar manaja, asalinsa shi ne an ba shi kujera an riƙe ikon. An ɗauko ƙwararre, an ba shi ofis da mota, amma ko tayar jirgi ba zai saya ba sai an kira gidan mai kamfani. Ya yi shiru a ce bai iya ba, ya yi magana a ce ya raina masu gida.

Gidan gwamnati ma bai kuɓuta ba. A cikin 2023 kaɗai hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ta ga shugabanni uku: Kyaftin Rabiu Yadudu ya sauka, aka naɗa Kabir Mohammed a watan Mayu, aka maye gurbinsa da Olubunmi Kuku a Disamba. A wannan Disambar aka sauya shugabannin kusan dukkan hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatarka a rana ɗaya, har da NCAA. Ba ina ƙalubalantar ikon Shugaban Ƙasa ba ne, ban kuma ce waɗanda aka kawo ba su cancanta ba. Ina dai tuna maka cewa doka ta ba shugaban NCAA wa'adin shekara biyar ne domin ya iya ce wa mai kuɗi da mai mulki a'a. Idan mai sa ido ma bai san ko zai kwana a kujerarsa ba, da wane ƙarfi zai tambayi kamfani dalilin korar daraktan gyara?

To me nake roƙo? Na san dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ta ba NCAA 'yancin aikinta, kuma ba na so Minista ya riƙa shiga harkar lasisi da dakatarwa. Amma tsara manufa aikinka ne, kuma yawancin abin da nake nema yana cikin ƙa'idojin da muke da su, aiwatarwa ce ta rage. Kashi na 9 na ƙa'idojin NCAA ya wajabta wa duk kamfanin da ke da takardar izinin jigila ya kasance da manaja guda da ke ɗauke da alhakin komai, wanda ke da ikon fitar da kuɗin gyara da na horo, tare da wasu manyan jami'ai da hukuma za ta amince da su: mai kula da harkar tashi, shugaban matuƙa, mai kula da gyara, mai kula da inganci da kiyaye haɗura. Ana kai sunayensu, ana duba takardunsu, ana amincewa. Abin da nake so a ƙara ƙarfi a kai shi ne ranar fita. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya bar kujera, hukuma ta kira shi ita da shi kaɗai, ta tambaye shi me ya faru, ta rubuta. Mutumin da aka kora saboda ya ƙi sakin jirgi ba zai rubuta haka a takardar ajiye aiki ba, amma zai faɗa idan an tambaye shi a ɗaki. A kuma wajabta miƙa ragama a rubuce, da jerin matsalolin da aka ɗage gyaransu, da basussukan masu kawo kaya, da horon da wa'adinsa ya kusa. Sannan a sa iyaka ga riƙon ƙwarya a waɗannan kujeru, domin mai riƙo ba ya iya cewa a'a.

Kuma idan kamfani ya sauya irin waɗannan jami'ai sau da yawa cikin ɗan lokaci, wannan kaɗai ya isa dalilin da sufetoci za su ƙara yawan ziyara, ba sai jirgi ya zame daga titi ba. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Tsarin kiyaye haɗura na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wanda ke cikin rataye na 19 da ya fara aiki a 2013, ya buƙaci kamfani ya auna haɗarin duk wani babban sauyi kafin ya yi shi, kuma sauyin manyan jami'ai na cikin abin da ake nufi. A takarda kowane kamfani yana da wannan. Ni dai ban taɓa ganin an zo tasharmu an tambaye mu yadda sauyin ya shafi aikinmu ba.

Sai maganar albashi da fansho, inda na san ba baƙo ba ne kai, tunda ka riƙe muƙamin Ƙaramin Ministan Ƙwadago daga 2019 zuwa 2023. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Da yawa daga cikinmu muna ganin an cire a takardar albashi, amma saƙon shigar kuɗin ba ya zuwa waya. Idan ka tambaya, sabon shugaba ya ce bashin na waɗanda suka gabata ne, sai ka ce wani kamfani ne daban ya ci. Wannan ita ce babbar illar sauyi ga ƙaramin ma'aikaci: kowane alkawari yana mutuwa da tafiyar wanda ya yi shi. Ƙarin girman da aka amince maka, kuɗin asibitin da ka biya daga aljihu, alawus ɗin aikin Hajji, duk sai ka sake faro magana daga farko da mutumin da bai san ka ba. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana ba da takardar shaidar biyan fansho, kuma ba a ba kamfani kwangilar gwamnatin tarayya sai da ita. Me zai hana a nemi wannan takarda, tare da shaidar biyan albashi, kafin a sabunta izinin jigila ko a ba kamfani kason jigilar alhazai? Kamfanin da ya kasa biyan injiniyoyinsa wata da watanni, ya dace a duba ko yana iya sayen kayan gyara. Haka nan sashe na 20 na dokar ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a kuma bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa. Abin da muke gani shi ne sabon shugaba ya sallami tsofaffin hannu saboda albashinsu ya fi tsoka, ya bar tasha da yaran da ba su taɓa ganin lokacin Hajji ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama irin su NUATE da ATSSSAN da NAAPE suna nan, amma a wasu kamfanoni ambaton sunansu kawai ya isa a ba ka takardar tuhuma.

Wannan ya kawo ni ga dalilin ɓoye sunana. A kowane kamfani akwai akwati ko adireshin imel da aka ce ma'aikaci ya kai rahoton duk abin da ya gani na haɗari, ba za a hukunta shi ba. Amma rahoton yana zuwa ne teburin jami'in da shi kansa jiya aka naɗa shi, kuma ba mu san ko yaron wa ne ba. A tasha ƙarama, inda masu lissafin lodi ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ko ba ka sa suna ba an san kai ne. Muna buƙatar hanyar kai rahoto kai tsaye ga NCAA ko hukumar binciken haɗura ta NSIB wadda ma'aikata suka sani kuma suka yarda da ita, da kariya a rubuce cewa duk wanda aka kora ko aka yi wa canjin wurin aiki bayan ya kai rahoto, kamfani ne zai tabbatar ba ramuwa ba ce. Kotun ma'aikata tana nan, na sani, amma shari'a na ɗaukar shekaru, mai gidan haya kuma wata ɗaya yake jira.

Mutanen jihar nan sun dogara da jirgi fiye da da. Halin da hanyoyi suka shiga ya sa ɗan kasuwa da malamin jami'a da mara lafiyar da za a kai Abuja, daga Daura ko Dutsin-Ma ko Mashi, suna tattara abin da suke da shi su nufi filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua. Ga dubban maniyyata duk shekara, yawancinsu tsofaffi daga ƙauyuka, wasu hawansu na farko ke nan. Iyayenmu ne da maƙwabtanmu. Idan na sa hannu a takardar lodi, sau da yawa na san mutanen da ke cikin jirgin, na san gidajensu.

Roƙona na ƙarshe, ranka ya daɗe, idan lokacin jigilar alhazai ya zo, ka turo tawaga, ko ka zo da kanka, Katsina da Kano da Sakkwato. A tara injiniyoyi da matuƙa da masu lodi da masu tikiti na kowane kamfani a ɗaki, a roƙi manajoji su jira a waje, kada a ɗauki hoto, kada a rubuta sunan wanda ya yi magana. A tambaye su shugabanni nawa suka gani cikin shekara uku, wane alkawari aka cika, yaushe rabon da kuɗin fanshonsu ya shiga, kuma wa suke kira idan suka ƙi sakin jirgi. A kwatanta amsar da abin da ke cikin fayil ɗin NCAA.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare matafiya sama da ƙasa.

Naka cikin girmamawa,
Ma'aikacin sashen lissafin lodi a wani kamfanin jiragen sama,
Katsina.